Katin da Na Sa wa Hannu Ban Duba Ba

Salama gare ku, 'yan uwana masu bibiyar wannan shafi. Na ga saƙonninku, da na masu tambayar ko na amsa wa Injiniya, da na masu cewa ajin da nake ja ya yi yawa ga mace mai ɗiya a hannu. Ban yi fushi ba. Sai dai yau ba labarin turare da kallon ƙasan ido na zo da shi ba. Laifina na zo faɗa, kuma gara ku ji shi daga bakina.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu: ni bazawara ce, ina da 'ya ɗaya mai shekara huɗu, Maƙale muke ce mata. Muna zaune da Ummata da Gwaggo, yayar mahaifina, a gida mai ɗaki biyu da falo a hawa na biyu. Ubanta ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Shi ya karya min wuyan hannun hagu. Bayan rabuwarmu ya taɓa fizge ta daga hannun Umma a bakin shago, tana da shekara ɗaya da wata takwas, na yi kwana goma sha ɗaya ban san inda take ba. Da aka dawo min da ita ta daina kuka gaba ɗaya, sai dai ta zuba wa mutum ido. Kotu ta ba ni riƙonta, ta kuma hana shi kusantarta. A harabar kotun ya matso yana murmushi kamar mai gaisuwa, ya ce karo na gaba inda zai kai ta ko sunan garin ba zan iya faɗa ba. Muka canja gida, na canja lamba, na goge hotunana daga ko'ina.

Ina aiki a wani ƙaramin kamfani, mu bakwai ne, a saman shagon masu sayar da taya. Manhaja muke yi wa makarantun renon yara, guda arba'in da ɗaya. In aka tashi, malama za ta buɗe wayarta ta ga jerin waɗanda aka yarda su ɗauki kowane yaro, kowa da hotonsa. Akwai kuma jan layi, wato sunan wanda ba a yarda ya zo kusa da yaro ba. Ni na rubuta wannan ɓangaren da hannuna, kun san dalili. Shi ya sa na kai Maƙale makarantar da ke amfani da manhajarmu. Na ɗauka ƙofar da ni na ƙera ba za ta ci amanata ba.

Injiniya shi ne babbanmu a wurin aiki, shi ne kuma mai neman aurena. Mutum ne mai sanyin magana, kullum hannun rigarsa a naɗe ninki biyu, gilashinsa a ɗaure da farin zare a gefe ɗaya domin ya ƙi zuwa a gyara. In ya zo gida yakan zauna a ƙasa ya yi zane da Maƙale, ta zana masa kunnuwa kamar na zomo, ya ce sak. Umma kuwa ta riga ta ɗaura auren a zuciyarta. Ranar da zai zo sai ta canja labulen falo, ta fito da kofunan nan masu bakin ruwan gwal da ko ranar da likita ya zo duba ta ba ta fito da su ba.

A ofishinmu akwai doka ɗaya. Kowane aiki yana da kati a allo. Wanda ya yi aikin ba shi zai ce an gama ba, sai wani ya duba da idonsa ya sa hannu. Ni ce mai duba aikin Injiniya, shi ne mai duba nawa. Kuma ni ba na ɗaga ƙafa. Akwai aikinsa da na mayar masa da gyara goma sha huɗu.

Wannan gyara goma sha huɗun shi ya ba da labari a falonmu wata Asabar da yamma, yana dariya, wai ko malamin lissafinsa bai taɓa ja masa jan biro haka ba. Umma ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Yana sauka daga bene Gwaggo ta rufe ƙofa ta juyo kaina.

"Goma sha huɗu? Ke ƙirgawa ma kike yi?"

Na ce aikina ke nan, don shi aka ɗauke ni.

"To ki auri aikin. Mutum ya gan ki da ɗiya, ya gan ki da karyayyen hannu, bai ja da baya ba, ke kuma kin tsaya kina duba masa haƙora kamar za ki sayi jaki."

Umma ba ta ɗaga murya ba, kuma nata ya fi zafi. Tana jera kofunan a kabad ta ce namiji yana iya yin dariya a kan abu sau ɗaya, sau biyu, na uku sai ya tafi inda ba a bin diddiginsa. Ta ce ita ta tsufa, Gwaggo ta fi ta tsufa, yarinyar nan tana bukatar namiji a bakin ƙofa. Ta ce in koyi yarda da mutum ko sau ɗaya a rayuwata, ba kowa ne wancan ba. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, mayafina ko cirewa ban yi ba. Abin da ya dame ni shi ne na ji akwai gaskiya a maganarta.

Ranar Litinin sanarwa ta fito cewa an gano wata ɓaraka da ta shafi manhajarmu. Bari in yi muku bayani yadda zan yi wa Umma. Manhajarmu ba daga tushe muka gina ta ba, a kan wani shiryayyen tsari muka ɗora ta, wanda dubban kamfanoni ke amfani da shi. A cikinsa akwai wani ɓangare, laburare ake ce masa, shi ke karɓar duk saƙon da waya ta aiko wa babbar kwamfutarmu, wadda muke kira saba. Kowane saƙo yana da layi a samansa mai faɗin wane ne ya aiko shi. Masu tsarin suka gano cewa in mutum ya rubuta layin sau biyu, ɓangaren da ke tantance mutane na farko yake karantawa, laburaren kuma na biyu yake miƙawa ciki. A layin farko ka ce kai baƙo ne mai neman shafin da kowa ke iya gani, a bar ka ka wuce. A na biyu ka ce kai ne ofishin makaranta, a ba ka makullan ofis. Ba kalmar sirri, ba komai. Suka fitar da faci, wato gyaran da zai toshe ɓarakar, suka ce kowa ya ɗora nan take, domin yadda ake yin abin ya riga ya bazu.

Injiniya ya ɗauki katin. Bayan azahar ya tura shi layin jiran dubawa, ya aiko min saƙo a waya duk da teburinsa taku biyar ne daga nawa: "An ɗora faci. Ranki ya daɗe, nawa za a ba ni yau, goma sha biyar?" Ya sa fuskar dariya.

Dubawar ba za ta kai shan kofin shayi ba. Sai dai in shiga saba in tambaye ta wane laburare take aiki da shi, ta faɗa min lamba. Na buɗe tagar sabar a kwamfutata ma. Sai na tuna kofunan Umma. Na ɗago na gan shi yana kallona ta saman gilashi. Na rufe tagar, na sa hannu, na rubuta masa: "Yau ba ko ɗaya. Na yarda da kai."

Ya amsa da hoton zuciya guda. Wallahi a ranar har na ji na zama mace irin wadda ake so.

Mako uku ke nan da yin haka.

Yau da safe na sa wa Maƙale rigar makarantarta mai ruwan toka, na kama mata gashi gida biyu, ta ƙi farar safa sai mai ɗigo-ɗigo. Na kai ta na wuce ofis. Sha ɗaya saura ina cikin aiki saƙo ya shigo daga malamar ajinsu. Sabuwa ce, wata biyu da zuwanta, yarinya mai fara'a da yawan gaisuwa.

"Maman Maƙale, barka da aiki. Babanta ya ce gobe shi zai ɗauke ta da wuri, ƙarfe goma, za su je a duba mata haƙori. Na ce bari in tuna miki ki sako mata rigar sanyi a jaka."

Na karanta sau uku. Ba ihu na yi ba, ban ma tashi ba. Kunnuwana ne suka toshe, ƙarar injin cire taya da ke ƙasa ta koma kamar daga wani gari. Na kira ta. Na ce ina Maƙale. Ta ce ga ta nan tana cin abincinta. Na ce ta kai ta ofishin shugaba yanzu, ta zauna da ita, a kulle ƙofa, kada a ba wa kowa ita ko da ya zo da fuskata. Ta fara cewa ai sunansa yana jerin, da hotonsa ma, na ce ta yi abin da na ce tukuna.

Sannan na buɗe shafin 'yata. Jan layin babu shi. Takardar kotun da na ɗora babu ita. A jerin masu ɗauka, ƙarƙashin ni da Umma, ga shi nan. Ya tara gemu, ya sa farar riga, yana murmushin nan.

Na shiga saba na yi mata tambayar da ban yi ba mako uku da suka wuce. Ta ba ni lambar tsohon laburare, wato ba a ɗora facin ba.

Muna da kundi mai ajiye duk saƙon da ya shigo. Na nemi masu layi biyu. Na farko ya shigo kwana tara da suka wuce. Ba ubanta ne da kansa ya yi ba, mutumin da ko saita agogon waya ba ya iyawa. Ya samu wanda ya iya. Ya san sana'ata tun muna tare, bai sha wahalar gane inda zan kai ta ba. Suka nemi sunanta makaranta bayan makaranta, a ta goma sha bakwai suka same ta. Suka buɗe komai: ajinta, lokacin tashi, abin da ba ta ci, maganin da take sha in ƙirjinta ya kama. Suka goge, suka ƙara.

Na ɗauki kwamfutar na ajiye a gaban Injiniya, a kan takardunsa. Na nuna masa da yatsa. Ya dubi lambar, ya dubi hoton, ya cire gilashinsa. Ya ce mu shiga ɗakin taro. Na ce a nan.

Ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce ya ɗora facin a sabar gwaji, da gaske ya ɗora. Sai ya ga in an ɗora, wurin saka hoto yana daina aiki, ga shi a makon za mu nuna manhajar ga wasu masu makarantu shida, kuma hoton ne abin da ya fi burge su. Ya ce ya yi niyyar gyara hoton cikin kwana biyu sannan ya ɗora a babbar sabar. Sai wani aiki ya taso, sai wani. Katin kuma yana layin an gama, kullum ya kalli allo ba ya ganin abin da zai tuna masa.

"Ka rubuta min an ɗora," na ce.

"Na ɗauka za ki duba. Kullum kina dubawa. Na ce za ki kama ni, mu yi dariya, in faɗa miki dalili." Ya sunkuyar da kai. "Da kika ce kin yarda da ni, sai na kasa."

'Yan uwa, na so in tsane shi shi kaɗai. Da ya fi min sauƙi. Amma hannuna ne a kan katin.

Na ja kujera na ɗora facin da kaina, yana tsaye a bayana. Minti huɗu ya ɗauka. Wurin saka hoto ya mutu, duniya ba ta tashi ba. Na mayar da jan layin, na cire wancan daga jerin bayan na ɗauki hoton shafin, na kwafe kundin gaba ɗaya na sa a jakata domin lauya. Ya ce in ba shi zuwa yamma ya tsara yadda za a sanar da maigidanmu mai kamfanin da makarantu, kada a tayar da hankalin mutane. Na ce ƙarfe ɗaya ake tashi, kuma ba ni kaɗai ce mai jan layi a manhajar nan ba, na san mata talatin da wani abu da suka saka nasu. Na kira abokiyar aikinmu da ke teburin taga, na ce ta ciro jerin kowace makaranta na mako uku baya ta kwatanta da na yau, duk inda ta ga bambanci ta kira shugabar makarantar da baki, ba saƙo ba. Ta dubi Injiniya tana jiran izini. Ya ce ta yi yadda na ce.

Ya ɗauki makullin motarsa. Na so in ce ba na bukata. Amma tasi sai na jira, motarsa kuwa ga ta a ƙasa. Na shiga baya.

A hanya wayata ta yi ta haske. Umma ce, ba ta san komai ba: "Ki tambaye shi ko zai zo Asabar, Gwaggonki ta ce a fara maganar manya." Na kife wayar a cinyata. A wata danja Injiniya ya ce, ba tare da ya juyo ba, zai faɗa wa maigida cewa shi kaɗai ne da laifi. Na ce ya faɗi yadda aka yi kawai, ƙarya mai taushi ita ta kawo mu nan.

Shugabar makarantar ta tare ni a baranda, fuskarta ta yi fari. Ita ta san da takardar kotu, ni na kai mata ita hannu da hannu bara, amma ba ta zama a bakin ƙofa. Malamar ajin tana gefe tana kuka da gefen hijabi. A can na ji sauran. Ba yau ya fara zuwa ba. Sau biyar ya zo, duk lokacin hutun cin abinci. Ranar farko malamar ta duba waya, ta ga suna, ta ga hoto, ta ba shi kujera a ƙarƙashin rumfa. Bai nemi fita da ita ba ko sau ɗaya. Zama yake yi su ci biskit, ya yi godiya, ya gaida maigadi, ya tafi. Malamar ta ce ita har tana cewa a ranta ga uba mai kirki.

Ban yi mata faɗa ba. Ta duba abin da aka ce ta duba. Ta fi ni.

Maƙale tana zaune a kan babbar kujerar shugaba, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, tana juya kanta hagu da dama. Da ta gan ni ta ce, "Mama, ba a tashi ba ai." Na ɗauke ta. Na duba hannayenta, na duba bayanta, na shinshina wuyanta, ban san abin da nake nema ba. Lafiyarta ƙalau. A aljihun jakarta na ciki, wanda ban taɓa buɗewa ba domin zif ɗin ya lalace, na samu ƙaramar mota ja ta roba.

A mota na ɗora ta a cinyata. Na daidaita muryata yadda likitar yara ta koya min, kada in tsorata ta, kada ta ga ta yi laifi. Na ce wa ya ba ta mota mai kyau haka.

Ta dubi Injiniya, ta dube ni, ta sa hannu ta rufe bakinta tana dariya. Ta ce sirri ne.

Kwana tara. Ina yi mata wanka, ina ba ta abinci a baki, tana kwana da ƙafarta a kan cikina, kuma ya koya mata ta riƙe abu ban sani ba. Wannan ya fi hoton ciwo.

Na ce ai ni ma ina son sirri, ta ba ni kaɗan. Ta matso bakinta kunnena, numfashinta yana ƙamshin lemo.

"Baba ne. Gobe za mu shiga babbar mota mai gado a ciki. Ya ce ke za ki biyo mu daga baya, in kin gama aiki."

Na ce to. Na ce madalla. Na ga idon Injiniya a madubi, ya yi ja. Ya kunna sigina zai shiga titinmu, wanda ke da kantin magani a kusurwa. Ina lissafi a raina: lauya, ofishin 'yan sanda, maganin ƙirjinta da ke kan firij, kayanmu kala biyu-biyu, yadda zan faɗa wa Umma ba tare da hawan jininta ya tashi ba. Ina gaya wa kaina makaranta kawai ya sani. Adireshin da na saka a manhaja na ofis ne, da gangan na yi haka tun farko. Gida yana nan a ɓoye.

Maƙale ta miƙe a cinyata ta manna goshi a gilashi, tana tura jar motarta a jikin taga.

"Mama, Baba ya ce in ba a bar shi ya ɗauke ni a makaranta ba, kada in yi kuka, zai zo gida. Na faɗa masa. Na ce bene ne, saman mai magani kaɗan, ƙofarmu shuɗiya, kuma Kaka ita kaɗai take buɗewa in an ƙwanƙwasa sau biyu." Ta juyo tana jiran yabo. "Na iya, ko?"

Na ce ta iya.

Na taɓa kafaɗar Injiniya, karo na farko tun da na san shi. Na ce ya kashe siginar ya miƙe, kada ya rage gudu. Muna wuce kusurwar na ɗaga kai na dubi tagarmu. Labule a buɗe, kamar yadda Umma take yi in ta yi baƙo. Na danna lambarta. Ta yi ƙara har ta katse. Na sake dannawa.